Goron Malam Hudu da Sabulun Bajamushe

Makon jiya na ga mijin maƙwabciyata ya dawo daga aikin feshin maganin kyankyaso, ya jingine tankin a bakin ƙofa, ya zauna ya tsoma hannu cikin tiren shinkafa ko ɗauraye yatsa bai yi ba. Na daka masa tsawa har ya ƙware. Aka ce wai ni Rakiya, Ummu Safiya, tsufa ya sa ni yawan faɗa. To, na ji na karɓa. Faɗan ne ya zaunar da ni na rubuta wannan, domin shekara talatin ke nan mijina Malam Hudu ya kusa rasa ƙafafunsa biyu, kuma ni na yi jinyarsa wata biyar cur. Wanda bai gani ba, ya ji daga bakin wadda ta gani.

Ni a nan Jidda aka haife ni, a unguwar Ruwais. Kakannina ne suka zo hajji da ƙafa, suka zauna. Ina sayar da yaji da kuka da daddawa a ƙofar gida. Malam Hudu kuwa majemi ne daga Kano, ɗan majema jikan majema. Ya zo sauke farali ya ƙi komawa, saboda haka ba shi da iƙama, takardar izinin zama ke nan. Da sallar layya yakan yi wa mutane fiɗa, ya karɓi fatun ya jeme su da bagaruwa a bayan gida.

A wajen fiɗar nan wani Bature ya tsaya yana kallonsa, dogo, ramamme, mai ɗingishi, gemunsa fari fat. Da Malam ya gama, sai mutumin ya ce masa da Hausa, "Sannu da aiki. Ka iya feɗe tsuntsu?" Malam ya ce wuƙar ta kusa faɗuwa daga hannunsa.

Bajamushe ne. Mu a unguwa Hawaja muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane Bature a nan, Malam kuma ya ce masa Dakta. Aikinsa a duniya shi ne ya shiga daji da duwatsu ya kamo tsuntsaye da ƙadangaru da jemagu, a feɗe su, a cusa musu auduga, a ɗaura wa kowanne 'yar takarda a ƙafa, a jera a akwati, a aika gidan ajiye kayan tarihi na ƙasarsu. Ni har yau ban gane abin da za a yi da gawar kanari a aljihun tebur ba, amma shi a kan haka ya ƙare ƙuruciyarsa. Shekara takwas ya yi a bakin tafkin Cadi, can ya koyi Hausa wajen masunta, sai Habasha, sai Yaman. Ya kama gida a Aziziyya, ya ware ɗaki ɗaya na aiki mai na'urar sanyi, ya ɗauki Malam. Fatar tsuntsu ta fi takarda laushi, kuma Hawaja da bakinsa ya ce bai taɓa ganin hannu irin na Malam ba.

Wata bakwai ana lafiya. Sai ciwo ya fara daga ciki.

Makon farko murɗa ce da gudawa. Na ce ruwan tanka ne, na dafa masa sabara. Mako na biyu ya ce abinci ba ɗanɗano, bakinsa kamar ya tsotsi ƙusa. Na kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi a Ammariyya, inda ba a tambayar takarda. Muka yi layi tun hantsi har azahar, likitan ya danna masa ciki sau biyu, ya rubuta farin ruwa a kwalba, ya ce, "Halas, na gaba." Wannan likita ina ƙorafi da shi har gobe. Da ya ce Malam ya buɗe tafin hannu, da ya ga yadda fatar ta yi kanta, ga wasu baƙaƙen ɗigo, ga fararen layuka kwance a faratansa. Ni na gani, na ɗauka aikin jima ne.

A mako na uku ya fara cewa tafin ƙafarsa na yi masa zafi kamar ya taka rairayin rana. Ran Juma'a ya dawo daga masallaci da takalmi ɗaya, ɗayan ya zame a hanya bai ji ba.

'Yan'uwa suka taso da shawara. Wani ya ce sanyi ne, a yi ƙaho. Aka yi. Wata ta ce basir ne ya hau. Aka kawo zuma da habbatus sauda, aka kawo rubutu, aka wanke da zamzam. Goggona Asabe, ƙanwar babana, wadda duk Ruwais ba mai ja da ita, ta zo ta zauna a bakin katifa ta ƙare masa kallo.

"Kai Hudu, gaya mini gaskiya. Cikin tsuntsayen nan ka taɓa feɗe mujiya?"

"Biyu, Goggo."

Ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Ke Rakiya, kin ji? Mujiya har biyu, sannan ana neman ciwo a asibiti!"

Ta sa aka yi masa hayaƙi kwana uku, har labulen ɗakina ya koma ruwan toka. Abin da ya ƙara mata ƙarfi, da Malam ya yi kwana goma a gida sai cikin ya lafa. Ya ce ya warke, ya lallaɓa ya koma aiki. Kwana shida ya yi. Na bakwai Hawaja ne ya kawo shi a motarsa, muka kama shi mu biyu muka shigar da shi ɗaki, ƙafafun na jan ƙasa.

Daga ranar Hawaja kullum da la'asar yana gidana. Ya cire takalmi, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a tabarma da ƙyar, ya sha shayi. Mata na leƙe ta taga, ko a jikinsa. A zaman nan na san shi. Ubansa mai gadin gandun daji ne, shi kuma tun yana ɗan shekara bakwai yake tara ƙwari a kwalin ashana. Babban yaƙin ƙasarsu ya ci wansa, shi ya bar masa ɗingishi. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta gaji da auren wasiƙa ta kama gabanta. Ba ɗa, ba jika. Abin da ya rage masa shi ne duwatsun kudu, wajen Asir. Ya ce akwai tsuntsaye a can da babu su ko'ina a duniya, shekara goma yana neman izinin zuwa, sai bana wani attajiri ya tsaya masa a matsayin kafili, mai ɗaukar nauyin baƙo ke nan. Saura wata biyu su tafi shi da Malam. In yana maganar duwatsun nan, sai ka ga dattijo ya koma yaro.

Malam mutum ne mai cin goro, kuma goro a Jidda wancan lokacin sai alhazai sun zo. Yakan sayi mai yawa lokacin hajji ya yi ta lallaɓa shi. Zafin garin nan kuwa ba ya barin goro, shi ya sa yake ajiye nasa a ɗakin aikin Hawaja mai sanyi, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumman buhu. A mako na shida ya ce wa Hawaja, "Dakta, in za ka zo gobe, taho mini da gorona. Na unguwa duk ya bushe." Bawan Allah ya kawo, yana murna ya yi abin kirki.

Kwana biyu da zuwan goron, gudawa ta dawo sabuwa fil, alhali mutum na kwance a gida ko gashin tsuntsu bai taɓa ba. Yatsun hannu ma suka fara mutuwa, kofi ya gagare shi riƙewa. Na rasa inda zan sa kaina.

Goggo ce ta warware mini, ba da saninta ba. Ta zo dubiya, ta ga manyan fararen goro, ta zari biyu ta ƙulle a bakin mayafi. Washegari na je gidanta na tarar da ita kwance, ta yi zuru-zuru.

"Rakiya, mujiyar mijinki ta biyo ni. Tun jiya nake zarya bayan gida."

"Goggo, me kika ci?"

"Me zan ci? Shayi ne sai goron nan."

Ni ba na cin goro, tun ina yarinya ɗacinsa bai karɓe ni ba. Duk cikinmu, mutum biyu suka ci, mutum biyu suka kwanta. Ko sallama ban yi mata da kyau ba na dawo gida. Na warware tsumman a tsakar gida cikin rana. Inda ya bushe, ga wani farin abu ya kwanta kamar busasshiyar kumfa, da ɗan ƙamshin kafur. Na ɗauka na shiga na shimfiɗa masa a gaba.

"Malam, mene ne wannan?"

Ya kau da kai. Shekara goma sha biyu muna tare, na san kau da kan nan.

"Malam, don girman Allah."

Sai ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Akwai wani sabulu da suke shafa wa cikin fatar tsuntsu don kada ƙwari su ci. Ya ga tsuntsun da aka shafa wa ko tururuwa ba ta raɓarsa. Shi kuma sankara, tsutsar nan mai huda goro, ta fara shiga masa. Sai ya ce bari ya ɗan shafa a bayan tsumman, a baya kawai, ba a jikin goron ba. Kullum in zai yayyafa ruwa sai ya ƙara kaɗan. Wata huɗu yana haka, ruwa na ratsawa.

"Dakta bai ce maka guba ce ba?"

"Ya ce. Amma gubar ƙwari ce, Hajiya. Ni ƙwaro ne? Shekara ashirin hannuna na cikin toka da kashin tattabara, me ya same ni? Kuma sai na goge a riga nake ci."

Wallahi da ba kwance yake ba, ban san abin da zan yi masa ba. Na fita tsakar gida na yi kuka na haushi, ba na tausayi ba, sannan na wanke fuska na jira la'asar.

Da Hawaja ya ga tsumman, ya shinshina, fuskarsa ta yi fari kamar audugarsa. Ya kama hannun Malam ya duba farata. Na tambaye shi, shi da yake taɓa sabulun shekara talatin, me ya sa bai kwanta ba? Ya ce shi da safar hannu yake aiki, da buroshi. Na ce, to Malam fa?

"Ya ce safa na hana shi jin fatar. Na ba shi sau biyu, ya ajiye. Aikinsa da hannu tsirara ya fi kyau, Uwargida. Sai na yi shiru."

Ya ce akwai allurar da ke fitar da gubar, amma sai babban asibiti, kuma in aka daɗe jijiyoyin ƙafa ba za su dawo ba. Na ce to yalla, tashi mu tafi. Bai tashi ba. Na san dalili, shi ma ya sani. A babban asibiti za a nemi iƙama, za a tambayi inda mutum ya samu guba, kuma wa yake yi wa aiki. Baƙon da ya ɗauki marar takarda aiki, izininsa ya tafi, duwatsun kudu sun tafi.

"Zan buga waya ƙasarmu," ya ce. "A aiko da allurar. Mako biyu, ko uku. Na san wanda zai yi masa a gida."

Ni ba na jin tsoron Bature, ban taɓa ji ba. Na miƙe tsaye a kansa.

"Mako uku? Dubi ƙafar nan. Makon jiya yana motsa babban yatsa, yau ba ya yi. Kai ka ce in an daɗe ba ta dawowa, da bakinka, yanzun nan. Tsuntsunka na kan dutse, shekara dubu yana can, ba inda za shi. Ni mijina guda ne. In ba za ka je ba, ba ni gwangwanin sabulun, ni zan goya shi in kai shi, in sun kama mu su kama."

Malam na cewa, "Hajiya, ya isa, baƙo ne." Na ce baƙon ya sha shayina kwana goma sha biyu, ya ji. Hawaja ya sa takalminsa ya fita, ko sai gobe bai ce ba. Na ce a raina shi ke nan, an rabu.

Da sassafe ina shara na ji ƙarar motarsa daga bakin titi. Ya sa kwat, ya taje gemu, gwangwanin na naɗe a jarida a hammatarsa. Ya ce, "Uwargida, kama masa ƙafa, ni in kama kafaɗa."

Layin babban asibiti ba irin na Ammariyya ba ne. Mun kai awa uku, Malam a kwance kan benci kansa a cinyata. Da muka isa gaban magatakarda, ya dube mu sama da ƙasa irin kallon da baƙar fata ta saba da shi, ya ce, "Iƙama." Na ba shi tawa. Ya ce ta majinyacin. Ya ɗaga biro ya nuna Malam, ya ce, "To wannan na wane ne?"

Hawaja ya ajiye fasfonsa a kan teburin, ya ɗora gwangwanin a kai. Ya ce da Larabcinsa mai tsamin nan, "Ma'aikacina ne. A gidana ya sha guba. Rubuta sunana."

Magatakarda ya rubuta.

Allah ya haɗa mu da likita Basudane, dattijo mai haƙuri, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Ya karanta jikin gwangwanin, ya yanki farce da gashin Malam, ya sa aka tara fitsarinsa na yini guda. Ya ce sunan gubar zarnik. Kalmar nan ba ta taɓa fita kaina ba. Ya ce da mun ƙara mako biyu, da sai dai keken guragu. Aka fara allura mai kauri kamar man gyaɗa, mai wari, tun ana yi sau shida a yini har aka dawo biyu. Malam, mutumin da bai taɓa cewa wayyo a gabana ba, sai da ya ciji matashi. Na tambayi likitan yaushe zai taka. Ya ce, "Ya hajja, jijiya ba ta sauri. Gubar za mu fitar, tafiya kuma aikinki ne da shi."

Kwana ashirin da uku muka yi, aka sallame mu. Hukuma ta zo har gadon ta yi tambayoyinta. Maganar takardar Malam doguwa ce, ƙanen babana da ke da katin ɗan ƙasa ya yi ta sintiri ofis-ofis har aka bar shi a hannunsa. Maƙwabtan da suka cika mini ɗaki da shawara, da suka ji hukuma ta san gidan, ɗif suka ɗauke ƙafa. Na yafe, amma ban manta ba. Goggo kaɗai ta tsaya, ita ta riƙe mini tallan yaji, ko da yake har ta koma ga Allah tana cewa da hannun mujiya a ciki.

Jinyar gida ita ce jinya. Ƙafafun ba sa ɗaukarsa, amma ko zani ya taɓa su sai ya yi ƙara, sai na kifa kwando a kansu na rufa bargo bisa kwandon. Ni ke kai shi bayan gida, ni ke yi masa alwala. Safe da yamma ina murza masa ƙafa da man zaitun, ina lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mini. Jarin yajina duk ya tafi a magani da kuɗin mota, ban yi nadama ba. Na ɗaura igiya daga taga zuwa bakin famfo, na ce kullum sai ya bi ta sau uku. Ya yi fushi, ya ce na maishe shi akuya. Na ce akuya ma da ƙafarta take zuwa kiwo, tashi. Wata rana ya faɗi ya fashe da kuka, ya ce in bar shi haka nan. Na zauna kusa da shi har ya gama, na ce saura zagaye biyu.

Hawaja kuwa abin da muka ji tsoro ya same shi. Kafilinsa ya ce ba zai ɗauki abin kunya ba, ya janye. Aka ba shi wa'adi ya haɗa kayansa. Bai taɓa faɗa mana da kansa ba, a bakin direban attajirin muka ji. Ya ci gaba da zuwa da la'asar, yana kama wa Malam ɗaya gefen igiyar. Na so in ba shi haƙuri, bakina ya ƙi, don har lokacin in na tuna shirun da ya yi kan safar hannu sai raina ya ɓaci. Shi ya jawo, shi ya fitar. Har yau haka nake riƙe da shi a zuciyata, kuma ina yi masa fatan alheri.

Ran da zai tafi ya zo da hantsi. Lungunmu mota ba ta shiga, ya bar ta a bakin titi, tafiyar gida takwas. Suka yi sallama a ɗaki, ya ce wa Malam ya yafe masa, Malam ya ce shi ne mai neman gafara, ya hana shi dutsensa. Hawaja ya juya zai fita, sai na ji Malam ya ce, "Hajiya, miƙo mini hulata. Baƙo ba ya fita gidana ba rakiya."

Na ce, "Malam, ba igiya a lungu."

"Na sani."

Na kawo sanda, ya ture. Ya dafa bango ya miƙe, ya saki bangon. Yana ɗaga ƙafa sama-sama yana dire ta kamar mai tsallake kwata, Hawaja na ɗingishi a gefensa, ya rage sauri bai taɓa shi ba. Mata suka fito ƙofa-ƙofa. Wajen gida na biyar Malam ya yi tangaɗi. Na kai hannu, sai na tuna wata nawa na yi ina neman ranar nan. Na maida hannuwana cikin mayafi na damƙe su, na bi su a baya, har ya dafa motar da kansa.